Sixten da Barcin Tuva

Son a sani ciwo ne, kuma ya fi muni a jikin dattijo. Yaro in ya yi fariya sai a ce ƙuruciya ce, a yi dariya a wuce. Amma mutumin da furfura ta cika masa kai, aka ba shi amana don an yaba da hankalinsa, sannan ya kai ta dandali don a ce da shi gwani, wannan ba shi da wanda zai kai wa kuka. Haka ta faru da Sixten na ƙauyen Tallnes, can cikin dazuzzukan Dalarna a ƙasar Suwidin.

Sixten maharbi ne tun tasowarsa, sana'arsa kuma sarar katako. Da gwiwa ta fara ba shi wahala ya ajiye zarto, sai masu binciken beyar suka ɗauke shi aiki, don ba wani lungu a dajin nan da bai taka ba. Beyar dai ita ce ƙatuwar dabbar nan mai gashi ruwan ƙasa, wadda mari ɗaya nata kan karya wuyan ɗan maraƙi. Masu binciken kan ɗaura wa wasunsu wata sarƙa mai na'ura a wuya. Aikin Sixten shi ne ya riƙa zagayawa da akwatin sauraro da ƙarfensa na eriya, ya ji inda ƙarar take fitowa, ya san kowace tana ina.

Abin da ya jawo likitocin mutane cikin wannan aiki shi ne barcin dabbar. In hunturu ya kama, beyar kan haƙa rami, galibi a cikin tsohon tudun tururuwa, ta kwanta wajen rabin shekara, ba ci, ba sha, ba fitsari. In ƙanƙara ta narke ta fito da ƙarfinta, naman jikinta bai zube ba, jininta bai daskare ba. Ɗan Adam kuwa ya ɗan jima a gadon asibiti, ƙafafu su tsotse, jini ya yi guda a jijiya ya tafi ya toshe huhu. Sixten ba a takarda ya san wannan ba. Yayansa Halvar itace ne ya faɗo masa a cinya, aka yi ɗori, kowa na cewa ya haye, sai gudan jini ya ɗauke shi ana cikin shirin sallamarsa.

Shugabar aikin wata likitar jini ce daga birni, sunanta Gunilla, mace mara yawan magana. Da kaka, kafin ta koma, ta zauna a kicin ɗin Sixten, matarsa Majvor ta zuba musu gahawa.

"Sixten, jini biyu nake nema daga dabba ɗaya," in ji Gunilla. "Na lokacin da take yawo, da na lokacin da take barci. In na jera su na ga abin da ya bambanta, to can maganin yake ɓoye. Na yawon yana hannuna tun watannin zafi. Saura na barcin."

"Ai Tuva ta kusa kwanciya. Ta yi ƙiba har tana rangaji."

Tuva ita ce 'yar budurwar beyar da ta rage musu. Ƙanana uku suka sa wa sarƙa a shekarar. Ta ɗaya ta tsinke ta faɗi, ɗayar kuma maharba suka kashe ta a farautar kaka.

"Ita kaɗai gare mu, kuma bana kaɗai," Gunilla ta ce. "Baɗi ta girma, wataƙila da 'ya'ya a ramin, ba mai shiga. In sanyi ya kai tsakiya za mu zo mu harba mata allurar barci mu ɗiba. Amma sai barcin ya yi nauyi. In ta farka ta fita ko sau ɗaya, jikinta ya koma na farke, aikin ya tashi a banza. Kada kowa ya san ramin. Kai ma daga bakin hanya za ka riƙa saurare."

Sixten ya yi dariya. "Gunilla, tun ba a haife ki ba nake dajin nan."

"Shi ya sa kai na ba wa, ban ba ɗalibaina ba."

Haka aka yi. Tuva ta kwanta a wani tudun tururuwa a gefen kwari, ƙanƙara ta rufe ta. Sixten ya riƙe amanarsa har hunturu ya yi nisa, zuwan su Gunilla ya matso.

Sai ranar da ƙungiyarsu ta farauta ta taru a bukkarta ta daji. Kowace shekara sukan je su kwashe ƙanƙarar da ta taru a rufin kada ya rufta, in sun gama su hura wuta a waje, su soya waina, su sha gahawa, a yi ta ba'a. A cikinsu akwai Rune, ɗan kawun Sixten, sa'ansa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Rune ke da karen da ya fi na kowa a ƙauyen, wani mai ruwan toka mai suna Tass.

Sixten na isowa bakin wutar Rune ya ɗaga murya. "Jama'a a matsa, ga mai renon beyar! A ba shi wuri mai ɗumi, kada ya yi mura likita ta zo ta yi mana faɗa."

Aka kwashe da dariya.

"Kai dai cika cikinka," in ji Sixten. "Abin da ka iya ke nan."

"A'a, tambaya gare ni, tsoho. Da gaske ne kai kake wanke mata kwalaben fitsarin beyar?"

"Beyar ba ta fitsari da hunturu, jahili."

"To ka ji! Har ya zama malami. To me kake yi musu? Na gan ka rannan a bakin titi, ka ɗaga ƙarfe sama kana juyi kamar mai neman tashar rediyo. Na tsaya in ba ka sadaka, na ga kai ne."

Wani har ya ƙware da gahawa. Sixten ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun yi ja.

Rune bai bar shi ba. "Sixten ɗin da na sani, ganye ya karye ya gaya maka abin da ya wuce. Wannan kuwa na'ura ce idonsa. A cire masa batir, a bayan gidansa zai ɓata, sai Majvor ta fito da fitila."

Wannan ce ta soke shi. Da ya haɗiye ta da gahawarsa, da labarin ya ƙare a nan. Amma magana zarar bunu ce.

"Ni na ga ramin kafin na'ura ta ji shi," in ji Sixten. "Tun tana jan gansakuka tana shimfiɗa nake kallonta. A rufe mini ido in kai ka."

"To kai ni mana."

"An hana."

"An hana!" Rune ya juya ga sauran yana kwaikwayon muryarsa. "Kun ji ko? Yarinyar birni ta hana shi shiga dajin kakansa. Ko dai ba ka san wurin ba ne?"

Wani dattijo ya ce a bar zancen haka nan, gahawa na hucewa. Ba wanda ya saurare shi.

"Gobe da safe," Sixten ya ce. "Kai kaɗai. Daga nesa za mu tsaya, ka gani da idonka, ka rufe mini baki har abada."

Da ya koma gida ya gaya wa Majvor, yana faɗa yana dariya don abin ya yi sauƙi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye saƙar da take yi.

"Tsoho, wannan Runen ne ya zuga ka kuna yara ka hau ƙanƙarar tafki ka rufta ruwa. Har yau ba ka bushe ba?"

"Kallo ne kawai daga tsallaken kwari. Ko tari ba za mu yi ba."

"Gunilla ta zauna a kujerar nan ta ce kada kowa ya sani. Rune ba kowa ba ne?"

"Na riga na faɗa a gaban mutane."

"A gabana ma ka faɗa, ni ce dai ba mutane ba."

Ya tashi ya tafi duba babur ɗinsa na ƙanƙara, wanda ba abin da ya same shi.

Da safe Rune ya iso a kan nasa babur, ga Tass a zaune a akwatin baya, harshe waje. To a ƙungiyar farautar Tallnes akwai wata al'ada tun ta kakanni: ba a ce wa mutum ya ɗaure karensa ko ya bar shi a gida. Mai kare shi ya san karensa. In ka faɗa, kamar ka ce bai iya horo ba ne, kuma an yi mutanen da suka mutu ba sa gaisawa a kan wannan. Ka zagi gemun mutum ya yafe, ban da karensa. Abin da Sixten ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ashe da shi ka taho."

"Shi ma yana so ya gai da uwargijiyarka ta cikin rami. Kada ka damu, Tass in na ce zauna, ko wuta ta kama shi ba ya tashi."

A nan ne ya kamata Sixten ya kashe babur ya koma ɗaki. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma ya ji kunyar ɗan kawunsa, ya ji kunyar al'ada, bai ji kunyar wadda ta ba shi amana ba, don ita ba ta wurin.

Suka bar baburan nesa, suka ɗaura katakon zamiya a ƙafa, suka shiga daji, kare na bin diddigen ubangidansa. Sixten bai ko taho da akwatin sauraron ba, da gangan. Ya bi da su ta inda iska ke bugo musu fuska, har suka fito gefen kwarin. Ya durƙusa ya nuna tsallake. Wani ɗan tudu ne fari kamar sauran, sai dai a samansa akwai 'yar ƙofa kamar bakin tulu, gefenta ya yi rawaya, wani siririn tururi na fita yana ɓacewa.

"Numfashinta ke nan," ya raɗa.

Rune ya daɗe yana kallo. Ba'ar ta bar fuskarsa. "Kai, tsoho," ya ce a hankali. "Ka iya. Wallahi ka iya."

Daɗin wannan kalma ya ratsa Sixten har ƙafa, bai kuwa daɗe a jikinsa ba. Iska ta juya. Tass ya ɗaga hanci, gashin bayansa ya miƙe.

"Zauna," in ji Rune. "Tass! Zauna!"

Ina. Kare ya riga ya gangara kwarin. Irin karnukan nan an hore su ne in sun sami dabba su tsaya a kanta su yi ta haushi har maharbi ya iso, kuma Tass aikinsa ya yi. Ya kafa ƙafafu a bakin ƙofar yana haushi yana tono, dajin duka ya ɗauka. Rune na busa, Sixten na ihu, wanda ya ce ko tari ba za a yi ba.

Tudun ya tsage. Tuva ta fito da ƙanƙara a kanta, tana tangaɗi kamar wadda aka tasa daga jinya, idanunta ba sa son haske. Ta kai wa karen mari ɗaya, ya yi sama ya faɗi yana kuka. Ba ta ko dubi mutanen ba. Ta juya ta bi gangare tana nutsewa tana fita, har itatuwa suka rufe ta.

Rune ya isa wurin karensa ya sungume shi, kafaɗar a yage, jini na zuba a rigarsa. "Ba ka ce mini kusa haka take ba!" ya daka wa Sixten tsawa. "Ka kawo ni ka kashe mini kare!"

Sixten ya rarrafa ya leƙa ramin. Shimfiɗa ce ta gansakuka da rassan itace, an jera su da kyau, tsakiyar ta lotsa daidai jikin mai ita. Ya sa tafin hannu, da ɗumi.

Ya koma gida yana gaya wa kansa za ta dawo. Kullum da safe ya je bakin hanya da akwatinsa, kullum ƙarar daga wani wuri take fitowa. Bai kira Gunilla ba. Ita ta kira shi, don sarƙar tana aika mata da labarin motsin dabbar har ofis.

"Sixten, Tuva na tafiya. Me ya faru?"

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Wataƙila masu sarar katako ne."

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, shi kuwa ya ƙara na biyu yana ciki. Gunilla ta hau mota ta zo da kanta, ta ce ya kai ta ramin. Ƙanƙara ba ta sake zuba ba tun ranar, komai na nan a rubuce a ƙasa: sawun katakon mutum biyu, sawun kare, jini ya daskare ja a kan fari. Ta bi su da ido har inda suka durƙusa a tsallake. Ba sai an yi wa mutum karatun daji ba kafin ya gane wannan.

"Masu sarar katako," ta ce.

"Ni ne. Ni da Rune. Kallo kawai muka zo."

"Don me?"

"Rune ne ya ce ban san wurin ba."

Gunilla ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai, "Mu tafi, sanyi ake yi."

Tsohuwar beyar in an tashe ta takan san dabarar da za ta yi. Tuva kuwa wannan ne hunturunta na farko ba tare da uwa ba. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, ba ta haƙuwa. Ta kwanta a gindin wannan itace, sanyi ya tashe ta, ta koma wancan. Jikin da ya farka kuwa abinci yake nema, kitsen da ta tara don barci ya yi ta ƙonewa, ga daji ba ko ɗan tsiro. Yunwa ta gangaro da ita ƙauye. Ta fara da kwandunan shara. Daga nan ta fasa garken wata gwauruwa a bakin gari ta kashe tumaki. Aka kore ta da harbi a sama, ta sake dawowa. Ranar da aka ga sawunta a inda yara ke jiran motar makaranta, hukuma ta yanke hukunci.

Aka aiko da maharbin hukuma. Shi bai san dajin ba, kuma mutum ɗaya ne a Tallnes ya iya akwatin sauraro. Sixten ya roƙa a nemo wani. Aka ce ba lokaci. Haka ya shiga gaba da ƙarfensa a sama, ƙarar na ƙaruwa a kunnensa, maharbi da Gunilla na bayansa. Suka same ta da hantsi a ƙarƙashin wani itace da iska ta kayar, ba nisa da ƙauyen. Ta rame, fatar ta yi mata yawa. Ta ɗaga kai ta dube su, ba ta tashi ba. Harbi ɗaya aka yi.

Gunilla ta durƙusa ta kwance sarƙar daga wuyanta. Ta daɗe hannunta na cikin gashin.

"Ki ɗebi jinin mana," in ji Sixten. "Tun da ɗumi. Ko zai yi wani amfani."

"Wannan jinin mai yunwa ne, mai tsoro, wanda ya sha gudu," ta ce ba ta ɗago ba. "Irinsa ya cika asibiti, Sixten. Na mai barci nake nema."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta gaya masa cewa masu ba da izinin taɓa namun daji sun tambaye ta yadda aka yi, ta kuma gaya musu gaskiya, don ba ta da wata. Sun janye izinin a wannan daji. Aikin zai koma arewa, a fara daga farko da wasu dabbobin, in an samu.

"Zai ɗauki lokaci?"

"Shekaru. Masu kwanciya a gado kuma ba za su jira mu ba." Ta miƙo hannu. "Ba ni akwatin."

Ya cire igiyar daga wuyansa ya ba ta. Ta karɓa ta ce ya gai da Majvor, ya ce mata ta gode da gahawa. Ba ta sake taka Tallnes ba.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ga abin da Sixten ya rasa, a ƙirga. Tuva ta mutu, shi ya tashe ta, shi kuma ya kai maharbi kanta. Jininta na lokacin zafi yana can a sanyaye a birni ba abokin gwadawa, ba kuwa zai samu ba. Aikin ya bar dajinsu, nasa aikin ya tafi tare da shi, kuma ba mai sake ba shi ajiyar ko da allura. Tass ya warke da ɗingishi, ba ya farauta, Rune ya ɗora masa laifin, in sun haɗu a kanti kowa sai ya dubi wani gefe. Ƙungiyar farauta ta bi bayan mai kare, Sixten ya daina zuwa bukka. Gwauruwar da aka kashe wa tumaki ta daina amsa gaisuwarsa. Majvor na nan tare da shi, tana dafa masa abinci, amma in zai fita ba ta ƙara tambayarsa ina za shi.